Yadda Ake Haɗa Margarita da Danginta a Gida Ba Tare da Giya Ba

Tun da kofunan nan masu gishiri a baki suka fara yawa a wuraren dina da kamu a Kaduna, tambayoyi biyu ake ta maimaita mini: yaya ake haɗa su, kuma me ke ciki? Ta biyun ce ta fi muhimmanci. Margarita ta asali, da faloma, da wanda ake kira fitowar rana, duk da tekila ake haɗa su, wato giyar ƙasar Meziko da ake yi daga tsiron agabe, galibi a jihar Jalisko, ƙarfinta yakan kai kusan kashi 40 cikin 100. Mu ba da ita za mu yi ba.

Sai dai cire ta kawai bai wadatar ba, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Idan kin cire giyar kin bar lemon tsami da sukari, abin da ke kofinki ruwan lemon tsami ne, komai tsadar kofin. Dole a cike gurbin da wani abu mai yaji a maƙogwaro da ɗan bauri a harshe. Allah Ya hore mana wannan abu a jiharmu: citta. Da ita da ganyen shayi za mu gina komai.

Awon da zan fi amfani da shi biyu ne. Cokalin cin abinci, wanda yake mililita 15, da gwangwanin madarar ruwa, wanda yake ɗaukar kusan cokali goma. Ki ware su, kada ki riƙa auna da ido.

1. Sayayya da kayan aiki

Za ki nemi lemon tsami, lemon zaƙi, ɗanyar citta, masoro, kanumfari, koren ganyen shayi, sukari, gishiri, busasshen zoɓo, tsamiya, da ruwan soda marar zaƙi. Idan za ki yi faloma, ki ƙara da garehul, babban lemon nan mai ɗan ɗaci. Kusan duk wannan za ki same shi a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci, ruwan soda kuma a manyan shaguna.

Wurin zaɓen lemon tsami ki ɗauka ki auna a hannu. Mai nauyi, mai sulɓin fata, wanda yake ɗan lotsawa idan kin danna, shi ne mai ruwa. Mai kaurin ɓawo da gautsi, ko ya fi girma, ki bar wa mai shi. Citta kuwa ɗanya ake so, mai tauri, wadda ba ta yamutse ba. Cittar Kachia da Jaba da Kagarko tana da yaji ƙwarai, shi ya sa kaɗan ke isa. Tun bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin jihar a 2023 kuɗinta ya hau, amma duk da haka ba ita ce za ta fi cin kuɗinki ba.

Kayan aiki ba su da yawa: tukunyar silba marar tsatsa, rariya mai ƙananan ido ko kyallen taci, abin goga kuɓewa, faranti mai faɗi, da kwalbar Bama da aka wanke tas mai murfin da ke rufuwa gam. Wannan kwalbar ita ce abin girgizawarki, ba sai kin sayi na ƙarfe ba. Ki jiƙa ta da ruwan zafi da sabulu, ki sunsuna murfin, domin warin mayonis a nan yake maƙalewa.

Gargaɗi, kuma kada a yi wasa da shi: akwai kwalaben da ake jerawa kusa da kayan lemo alhali giya ce a ciki. Duk wadda aka rubuta Triple Sec ko Cointreau a jikinta, ki ɗauka giya ce sai in an rubuta ɓaro-ɓaro cewa babu. Haka ƙaramar kwalbar Angostura da ake ɗigawa a Chapman, kashi 44.7 cikin 100 nata giya ne. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Ki karanta takardar jikin kowace kwalba kafin ki biya, idan kuma a wurin biki ne aka miƙo miki, ki tambayi mai haɗawa.

2. Ƙanƙara, tun jiya

Ƙanƙara tana narkewa a cikin lemon, ke nan ita ma ruwan sha ce. Ki yi taki da ruwan da kike sha a gida, ki sa a firiza tun daren jiya, ko tun shekaranjiya idan wutar unguwarku ba ta da tabbas. Manyan ƙwayoyi sun fi ƙanana, domin ba sa saurin narkewa. Idan ba ki da mazubin ƙanƙara, ki daskarar da ledar fiya wata, ki naɗe ta a tsumma mai tsabta ki fasa da muciya.

Ƙanƙarar bulo da ake sayarwa a bakin titi ta sanyaya kula ce. Ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, kada ta shiga kofi.

3. Ruwan sukari mai ƙamshin lemo

Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya kwanta a ƙasan kofi. Shi ya sa ake dafa shi tun farko. Gwangwani ɗaya na sukari, gwangwani ɗaya na ruwa, a kan wuta kaɗan, kina juyawa har ya narke ruwan ya yi garau. Da ya narke ki sauke. Idan kin bar shi yana tafasa zai yi kauri ya fara komawa alewa.

Kafin ya huce, ki fere ɓawon lemon zaƙi ɗaya da kika wanke, saman kawai, siriri. Farin da ke ƙarƙashi ɗaci ne zalla, kada wuƙa ta kai gare shi. Ki jefa ɓawon cikin ruwan sukarin, ki rufe minti 30, ki tace. Wannan ƙamshin shi ne aikin da giyar lemo irin su Triple Sec take yi a margarita ta asali. Abin da kika samu zai kai cokali 15, ya ishi kofi goma. A firji mai aiki yana yin mako biyu lafiya, amma da kin ga ya yi gajimare ko ya fara tsami, ki zubar.

4. Ruwan citta

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, ki ba shi lokacinsa.

Ki kankare ɗanyar citta cikin tafin hannu ɗaya, kimanin giram 100, da bakin cokali, ki goge ta. Ki zuba a tukunya da ruwa gwangwani huɗu, masoro ƙwaya shida da kika ɗan farfasa, da kanumfari biyu. Biyu na ce. Kanumfari yana da mulki, idan ya kai biyar ba za a ji komai ba sai shi, lemon ya koma kamar maganin haƙori. Ki rufe, ya yi ta ɓararraka a hankali minti 10, sannan ki sauke.

Bayan kin sauke ki jira minti biyu zafin ya ɗan sauka, ki saka jakar koren shayi biyu, ko cokalin shayi biyu na ganyen da Buzaye ke dafawa. Minti uku kacal, ki cire. Shayin ne ke kawo ɗan baurin da ke sa mutum ya kurɓa a hankali maimakon ya kwankwaɗe. Idan ya daɗe, ko aka dafa shi tare da cittar, baurin zai zama ɗaci, kuma babu yawan sukarin da zai gyara shi. Baƙin shayi ma yana yi, sai dai yana rina lemon ya yi duhu.

Ki tace da kyalle, ki matse tukar sosai, ki bari ya huce kafin ya shiga firji. Ki ɗanɗana shi haka nan: ya kamata ya yi miki yaji fiye da yadda za ki iya sha, domin lemo da ƙanƙara za su sassauta shi. Idan kin sha kin ji daɗi, yajinsa bai kai ba, ki ƙara citta ki mayar wuta. Za ki ga farin gari ya kwanta a ƙasan kwalba bayan ɗan lokaci, na cittar ne, ki girgiza kafin ki ɗiba. Wannan awon yana isar kofi takwas, kuma kwana uku ne iyakarsa a firji.

Busasshiyar citta tana iya tsayawa idan babu ɗanya, amma ɗanɗanonta yana karkata wajen kunu. Ni ban fiye so ba.

5. Matsar lemo

Ranar da za a sha ake matsa, ba a kwana da shi. Ki murza kowane lemo a kan tebur da tafin hannu kafin ki yanka, ki matse, ki tace ƙwallayen. Ƙananan lemon tsaminmu sukan ba da cokali ɗaya ko ƙasa da haka, don haka ki ƙiyasta biyu zuwa uku a kowane kofi. Kada ki matse har ki wahalar da ɓawon, kuma kada ki jefa lemon gaba ɗaya a bilenda, ɗaci zai fito. Ki tara ruwan a kwanon gilashi ko roba, ba a kwanon alminiyom ba, domin tsami yana cin sa ya bar ƙarnin ƙarfe.

Ki wanke hannu da sabulu da zarar kin gama, musamman idan a tsakar gida kike aiki. Ruwan lemon tsami idan ya zauna a fata rana ta buge shi, yana ƙona wurin ya yi bororo, daga baya ya bar baƙin tabo na watanni. Yaran da ke taya ki su ma a wanke musu.

6. Gishirin bakin kofi

Ki baza gishiri a faranti. Ki goga yankin lemon tsami a gefen bakin kofi ta waje, ki karkata kofin ki mirgina shi a kan gishirin, ki ɗan buga ya zubar da rara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kifa kofin gaba ɗaya a cikin gishiri. Sai ya manne ta ciki, ya zube cikin lemon, a sha ruwan gishiri. Na fi son a yi wa rabin baki kawai, wanda ba ya so ya juya ɗaya gefen. Ki yi wannan minti goma kafin zubawa don ya bushe ya kama.

Mai son yaji ta haɗa gishiri cokali biyu, sukari cokali ɗaya, da garin barkono rabin cokalin shayi. Ban da yajin tsire, akwai ƙuli-ƙuli da dunƙule a cikinsa.

7. Haɗa margarita

Ga awon kofi ɗaya: ruwan citta cokali 4, lemon tsami cokali 2, lemon zaƙi cokali 2, ruwan sukari cokali ɗaya da rabi. Ki zuba su a kwalba, ki cika rabinta da ƙanƙara, ki rufe gam, ki riƙe da hannu biyu ki girgiza da ƙarfi daƙiƙa 15, har kwalbar ta yi raɓa ta yi miki sanyi a hannu. Girgizar tana sanyaya shi, tana kuma narkar da ɗan ruwan da ke daidaita tsamin. Idan an tsallake ta, lemon yana fitowa da kaifi.

Ki sa sabuwar ƙanƙara a kofin da kika yi wa gishiri, ki tace lemon a kai, a tsakiya, kada ya wanke bakin. Ƙanƙarar da aka girgiza ta riga ta farfashe, ba a mayar da ita.

Kafin ki zuba ki ɗanɗana da cokali, domin lemon yau ba shi ne na gobe ba. Idan tsami ya yi yawa, rabin cokalin ruwan sukari. Idan zaƙi ya yi yawa, rabin cokalin lemon tsami. Idan kuwa kin ji shi lami, ba tsami ba zaƙi, kada ki ƙara ko ɗaya, ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu shi yake nema. Abu ɗaya ake gyarawa a lokaci guda, a sake ɗanɗanawa.

Ga mai gyambon ciki, wannan haɗin na citta da tsami yana iya tayar masa, a ba shi bayan ya ci abinci ko a rage masa duka biyun. A watan azumi ma kada a buɗe baki da shi. Dabino da ruwa tukuna, shi kuma ya biyo bayan abinci. Mai ciwon sukari ya san cewa cokali ɗaya da rabin nan sukari ne na gaske, ga na lemon zaƙi a kai.

8. Danginta

Da kin iya na sama, sauran canjin abu ɗaya ne ko biyu.

*Mai tsamiya.* Wannan ce na fi ba baƙi, kuma a Meziko ma suna yin ta, domin su ma suna da tsamiya da zoɓo kamar mu. Ki jiƙa tsamiya cikin hannu ɗaya a ruwan ɗumi gwangwani biyu na minti 30, ki murje, ki tace sau biyu saboda yashi da ɓawo. A kofi ɗaya, da awon cokali kamar sauran da ke biye: ruwan citta 4, ruwan tsamiya 3, lemon tsami 1, ruwan sukari 2. Ki lura na rage lemon tsami, tunda tsamiyar ta zo da nata tsamin. Wanda ya bar shi a cokali biyu zai ji haƙoransa sun mutu. Gishiri mai barkono ya fi dacewa da ita.

*Faloma.* Ba a girgiza wannan, a cikin dogon kofi ake haɗa ta. Ƙanƙara, ruwan citta 3, ruwan garehul 6, lemon tsami 1, ruwan sukari 1, ɗan gishiri, ki juya, sannan ki cika da ruwan soda mai sanyi ki sake juyawa sau ɗaya. Kada ki taɓa sa soda a kwalba ki girgiza, murfin zai tashi. Wani gargaɗin ya fi wannan nauyi: garehul yana hana jiki sarrafa wasu magunguna yadda ya kamata, ciki har da wasu na hawan jini kamar nifedipine da na rage kitsen jini kamar simvastatin, sai maganin ya taru a jini fiye da kima. Idan za ki miƙa wa Baba ko Hajiya da ke shan magani kullum, ki yi musu da lemon zaƙi, ki ƙara lemon tsami cokali ɗaya.

*Fitowar rana.* Kyanta a ido yake, ja a ƙasa yana hawa zuwa ruwan ɗorawa. A asali da ruwan rumman mai sukari ake yin jan, mu zoɓo ya ishe mu. Ki wanke zoɓo cikin hannu ɗaya, ki dafa a ruwa gwangwani biyu minti 10, ki tace, ki auni gwangwani ɗaya na ruwan ki narkar da sukari gwangwani ɗaya da rabi a ciki. Kaurin nan dole ne, nauyin sukarin ne ke sa shi nutsewa. Zoɓon sha na yau da kullum ba zai nutse ba, gauraya zai yi kofin ya zama kalar ƙasa. Ki cika dogon kofi da ƙanƙara, ruwan citta 3, lemon zaƙi 8, ki juya. Sai ki ɗebi cokali ɗaya na ruwan zoɓon da ya huce, ki tsiyaya a hankali ta jikin kofin ta ciki. Ki bar shi ya sauka da kansa, kada ki juya. Mai sha ne zai juya.

*Mai mangwaro ko kankana.* Idan mangwaro ya cika gari wajen Afrilu, ki yanka wanda ba shi da zare ki daskarar. Gwangwani ɗaya na daskararren mangwaro, ruwan citta 4, lemon tsami 2, ruwan sukari 1, a bilenda, ba ƙanƙara. Kankana kuma ruwa ce da kanta, ki niƙa ki tace, cokali 6 a madadin lemon zaƙi. Abarba ma haka.

9. Idan taro ne, da lissafin kuɗi

Ba za ki tsaya girgiza kofi ashirin ɗaya bayan ɗaya ba. Ga awon mutum 20: ruwan citta gwangwani 8, lemon tsami gwangwani 4, lemon zaƙi gwangwani 4, ruwan sukari gwangwani 3. Wannan yana nufin lemon tsami 50 zuwa 60, lemon zaƙi 8 zuwa 10, ruwan citta tukunya biyu da rabi na awon mataki na 4, ruwan sukari ninki biyu. Tunda ba za a girgiza ba, ki ƙara ruwan sanyi gwangwani 4 a madadin wanda ƙanƙara za ta narkar. Ki haɗa a jug ko bokiti mai murfi, ki nutsa shi a kula. A nan ne ƙanƙarar bulo take da amfani, a kewaye da bokitin. Kada ki zuba ƙanƙara a cikin haɗin kansa, kafin a gama rabawa ya zama ruwa. Kowane kofi da tasa, idan kuma faloma ce, soda sai lokacin miƙawa.

Ruwan sukari da na zoɓo da na citta a yi su jiya. Lemo a matse shi awa biyu ko uku kafin baƙi su zo. Gishirin kofuna awa ɗaya kafin.

Farashi yana motsi kowane mako, don haka hanyar lissafin ce za ta amfane ki. Lemon tsami, ruwan soda, da kofuna idan na yarwa ne, su ke cinye mafi yawan kuɗin. Citta da shayi da kayan ƙamshi kaɗan ne idan aka raba su a kan kofuna. Lemon tsami ki saye shi a kwano ko kashi a wurin masu sari, kada ki saya ɗai-ɗai a bakin layi, kuma ki ƙara goma a kan lissafinki saboda waɗanda za su fito ba ruwa. Idan lemon ya yi tsada, ki karkata zuwa mai tsamiya, rabin lemon take ci.

Mai niyyar sayarwa ta rubuta duk abin da ta kashe a kan kofi 20, har da gas, kuɗin Keke zuwa kasuwa, ƙanƙara, kofi da murfi da abin zuƙa, ta raba gida 20, sannan ta ɗora ribarta. Gas da sufuri su aka fi mantawa, su ne kuma ke cinye riba. Kada ki ɗura wannan lemon a gora ki ajiye kamar zoɓo, ɗanyen lemon tsami yana juyawa ya yi ɗaci cikin yini guda, ki karɓi oda ki haɗa a ranar. Kuma ki rubuta a jikin kofi ko a allonki cewa babu giya a ciki, tare da jerin abin da kika zuba, saboda mai shan magani da mai juna biyu su san abin da za su karɓa.